Hoton da Iya Ta Shafa wa Mai

A gidanmu na unguwar Wulari a Maiduguri wutar Iya ba ta mutuwa don an sauke tuwo. Sauran matan gidan hayar kowacce takan yayyafa wa murhunta ruwa ta shige ɗaki, ita kuwa sai ta tura guntun icen da ya rage, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta baza gyaɗa a kasko. Da ƙamshin ya tashi ba sai an kira kowa ba. Ni da ƙanwata Ummi da 'ya'yan maƙwabta, har da waɗanda Hausarsu ba ta gama nuna ba, sai mu kewaye ta muna ture juna a kan wa zai zauna kusa da kaskon.

Iya mahaifiyar Babanmu ce. Daga wani ƙauye a ƙasar Kano ya ɗauko ta, bayan ya kafu da sayar da kwanuka a Kasuwar Kwastam, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda Maiduguri gari ba ne, wai zango ne mai yawan dalbejiya. A yaren Barebari kaf gaisuwar "wushe" kaɗai ta iya, shi ma sai ta ga dama. Ni kuwa Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika, wai ni ne mijin da Allah ya haɗa ta da shi wanda ba ya cefane sai cin gyaɗa. In za ta fara tatsuniya takan ce, "To, ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi."

A ɗakinta nake kwana, kuma a nan na kafa abin da nake taƙama da shi a duniya. Lokacin bidiyo ya fara shiga gidajen masu hali, shagunan hayar kaset suna buɗewa nan da can, mu kuma yara muka kamu da tara ƙananan fostocin da ke zuwa tare da kaset ɗin. Ba su fi shafin littafin makaranta girma ba. Wasu yaran na 'yan dambe suke so, wasu na Indiya. Ni ban da na fina-finan sararin samaniya ba abin da ke shiga idona: kumbo yana ratsa taurari, mutanen ƙarfe, bindiga mai fitar da haske maimakon harsashi. In na samo ɗaya sai in jiƙa ƙaro a gwangwanin madara, in shafa wa kusurwoyinsa, in manna a bango, in ja da baya ina kallo har wuyana ya gaji. Abin dariyar shi ne ko ɗaya daga cikin fina-finan ban taɓa gani ba, labarinsu ni nake ƙirƙira wa kaina.

Baba ya so ya hana. Ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hotuna. Iya ta ce ɗakinta ne, kuma bangon yamma ne, in ta tayar da salla baya take ba su. A haka maganar ta mutu, don Baba bai iya ja da ita ba.

A ajinmu akwai Bitrus, mutanen kudancin Borno ne, babansa akawu, suna zaune a gidan gwamnati can bakin GRA. Yayansa yana aiki a shagon kaset, saboda haka fostocin da ke hannunsa ko a mafarki ba mu samu. Ga shi kuma suna da bidiyo a falo. Duk Asabar yakan zaɓi yaran da za su je kallo, ni kuwa bai taɓa zaɓa ta ba, abin yana ci mini rai ba kaɗan ba. Wata rana ya ji ina cika baki a kan bangona, sai ya zaro wata fosta daga jakarsa ya miƙo mini.

"Aro na ba ka fa," in ji shi. "Ka manna. Zan zo in gani. In bangonka ya kai yadda kake faɗi, ka zo Asabar."

Ban taɓa riƙe irinta ba. Takardar mai sheƙi ce, a jikinta wata halitta tana tsaye a ƙofar kumbo: kai ƙato ba gashi, idanu manya baƙi wuluk, wuya siriri, haƙarƙari a waje, ciki a kumbure, hannuwa kamar sillen kara. Na ba ta tsakiyar bango, na matsar da sauran gefe.

Tun daga ranar Iya ta canza mini. Da safe na tashi na tarar an rataya tsohon ɗankwalinta a ƙusa, ya rufe hoton. Na cire. Washegari na sake tarar da shi. Da na yi magana sai ta ce, "Maigida, ana sanyi, kuma ba riga a jikinsa." Na ɗauka tsokanar da ta saba ce, na yi dariya na tafi makaranta.

Ranar da Bitrus ya zo, bayan la'asar ne. Tun daga bakin titi nake jin kunyar kwatar ƙofar gidanmu da awakin maƙwabta, ina ta sauri mu wuce tsakar gida kafin ya ƙare wa komai kallo. Na ɗaga labulen ɗakin ina murmushin wanda ya riga ya ci. Sai ga Iya tsaye a gaban bangon, kwalbar man gyaɗa a hannunta na hagu, tana shafa wa cikin halittar nan mai da yatsa, a hankali, yadda ake yi wa yaron da fatarsa ta bushe. Man ya riga ya ratsa takardar, ya yi baƙin tabo tun daga ƙirji har gwiwa.

Ta juyo ta gan mu, ko a jikinta. Ta amsa gaisuwar Bitrus, sannan ta ce, "Yaro, kai ne mai hoton nan? Wane marar imani ne ya tsaya ɗaukar yaron nan hoto bai fara ba shi kunu ba?"

Bitrus ya dube ni, ya dube ta. "Kaka, wannan ba mutum ba ne fa. Roba ne. Daga wani duniya ya zo, a fim."

"To, uwarsa fa? Tana ina aka bar shi haka?"

Nan Bitrus ya fashe da dariya har yana dafa ƙofa. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rasa inda zan sa idona, sai na tsinci kaina ina taya shi dariyar, wadda ba ta kai ciki ba. Ya matsa ya duba tabon, ya ce fostar ta lalace, in riƙe kayana, ba ya so. Maganar Asabar ko tayar da ita bai yi ba, ni ma ban tambaya ba. Na raka shi bakin titi, ina ji a jikina gobe duk ajinmu sai sun ji cewa kakata tana shafa wa dodon fim mai.

Da magariba na ƙi cin tuwo. Na cika na yi fam, na zauna a bakin ƙofar ɗaki na juya wa murhu baya, na ƙudura a raina da gari ya waye zan yage hoton in jefa a kwata. Yara suka taru kamar kullum. Iya ta leƙo ni ta ce, "Yau Maigida yaji ya yi? To, a bar masa gyaɗarsa a gefe." Ban kula ta ba. Ta ce ga baƙuwa a bakin ƙofa, suka ce ta shigo ta ji ɗumi, ni kuwa na toshe bakina amma ban iya toshe kunnena ba.

Ba ta gizo ta yi ba ranar. Ta ce wai a wani gari an yi wata yarinya da ta haifi ɗanta na fari, namiji. To, kun san ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. In za ta kira shi sai ta ce, "Kai, wancan." Ana nan sai fara ta sauka ta cinye gero tun yana tsaye, rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, mutane suka shiga cin ganye da tonon gidan tururuwa. Yaron ya fara ramewa. Kansa ya yi girma, idanunsa suka yi girma, sauran jikin kuwa kullum raguwa yake, har ya zamana ba shi da nauyin da zai riƙe shi a ƙasa.

"Ran nan da yamma," in ji Iya, "surukanta na zaune a tsakar gida, sai iska ta taso, ba wata babba ba, irin mai kaɗa zani a igiya. Sai ta ɗaga shi. Yana tafiya sama, uwar tana kallon sa. Wata tsohuwa ta ce, 'Ke, kira sunansa! In ya ji sunansa a bakinki zai yi nauyi ya sauko.' Ta buɗe baki, ta dubi surukanta, sai kunya ta kama ta. Ta ce, 'Kai, wancan, dawo.' Duk yaran garin suka waiwayo, kowa yana zaton da shi ake. Shi kaɗai ne bai waiwayo ba."

Ummi ta ce, "Iya, ina ya tafi?"

"Can wajen taurari. Suna da gona, fara ba ta zuwa."

"Suna ba shi tuwo?"

"Har ya bari a kwano."

"To mene ne sunansa?"

Iya ta juya gyaɗar, ta daɗe tana juyawa. Ta ce, "Baƙuwar ba ta faɗa mini ba. Ta tashi ta tafi, ku ma ku tashi." Yara suka watse suna gunaguni, wai tatsuniyar yau ba daɗi, ba a ci kowa ba kuma ba wanda ya yi wayo.

Da ta shigo ɗaki na yi kamar na yi barci. Ta ajiye mini gyaɗar a gefen tabarma, ta ce, "Maigida, na san idonka biyu. Na ɓata maka kaya, ka yi haƙuri. In za ka cire sauran ka cire, amma wannan ka bar mini shi." Na ja mayafi na rufe kaina. Da safe na tsaya a gaban bangon, na sa farce a kusurwar takardar, sai na kasa. Ba wai na fahimci wani abu ba ne, kawai dai ban taɓa jin Iya ta roƙi wani abu a wurin kowa ba. A makaranta an yi mini dariyar da nake tsoro, har da waƙa, aka yi ta yi har aka gaji. Tara fostoci kuma ya fita daga raina, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya suka ɓalle, wancan kaɗai ya zauna.

Na girma har na fara koyarwa kafin Iya ta rasu. Bayan an share makoki muna zaune da Baba a zaure, ina so in sa shi murmushi, sai na ba shi labarin man gyaɗar da tatsuniyar yaron da iska ta ɗauke. Bai yi murmushin ba. Ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Kai a zatonka ni ne ɗanta na fari? Ba ka taɓa lura da yadda take kiran sunana gatsau a gaban kowa ba?" Ya ce akwai wani kafin shi, wanda ya rasu a shekarar yunwa yana ɗan shekara uku ko huɗu. A bakin wata gwaggonsa ya ji, ita ma sau ɗaya. Wai ranar da aka fita da shi Iya ko hawaye ba ta yi ba, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, aka yi ta yabon kunyarta a garin.

Kunyar da na ji a gaban Bitrus ta yaro ce, ta kwana kaɗan, amma wadda ta sauko mini a zauren nan har yau ba ta sake ni ba. Shekara da shekaru ina kwana a ɗaki ɗaya da matar nan, ina cin gyaɗarta, ina ganin ta a matsayin tsohuwar da ba ta san fim ba. Ashe ita ta san abin da ke jikin takardar fiye da wanda ya zana shi. Ta gane shi tun kallon farko, kuma da ta rasa wanda za ta gaya wa, sai ta tara yara a bakin murhu ta faɗa mana, muka ce ba daɗi. Nakan zauna in tuna cewa ina ɗaki ɗaya da ita a daren, da na juyo na tambaye ta, wataƙila da ta faɗa, wataƙila kuma da ba ta faɗa ba.

Na ce wa Baba, "Mene ne sunansa?"

Ya ce bai sani ba. Gwaggon ba ta faɗa ba, shi kuma bai ga fuskar tambayar Iya ba, kuma duk waɗanda suka halarci sunan sun riga mu gidan gaskiya. Har yau in na idar da salla ina jero mamatanmu, kowa da sunansa, in na zo kansa sai in ce "ɗan farin Iya", in bar wa Allah sauran.