Tsumman Rasmiyya

A ƙauyenmu na kan tudun Ajlun, a ƙasar Larabawa, ba a sayar da iri, ba a kuma hana shi. Ka ba maƙwabci bana, ranar da naka ya lalace ka karɓo a wurinsa. Kowa ya yarda da haka ban da Rasmiyya, wadda katanga ɗaya ta raba gidana da nata shekara talatin da ɗaya.

Tumatirinta gadon uwarta ne, ƙato mai tsaga-tsaga, guda ɗaya da man zaitun ya ishi gida karin kumallo. Duk shekara takan matse ƙwayoyin a kan tsumma, ta shanya, ta kulle a akwatin aurenta. In sanyi ya fara ja da baya ta yanki rabin tsumman ta binne, ta ajiye rabi. Ba za a ce ba ta kyauta ba. Tana aiko da tumatir har gida, amma a yanke, an ƙwaƙule cikinsa tas da cokali. Wannan rowa mai ado ita ta fi ci mini rai.

Shekarar da mijina ya rasu na roƙe ta dashe uku kacal.

"Haba Ummu Nayif," ta ce tana murmushi, "ke da ko na'a-na'a mutuwa take a hannunki? Bari dai in ya nuna in aiko miki."

Na taya ta dariya, na koma gida na sha kukana.

Bana ɗanta Muflih ya kafa mata rumfar leda a bayan gida. Mu muna jiran sanyi ya wuce, ita ta riga ta shuka. Da ta ga rabin farko ya fito kore shar, zari ya ɗebe ta, ta binne sauran rabin ma. Kullum tana leƙo ni ta kan katanga: "Naku har yanzu barci yake? Nawa ya kai gwiwa, har ya fara fure."

Wata Talata a watan Afrilu 'yarta ta haihu a birnin Irbid. Da Rasmiyya za ta tafi can da sassafe, gari da sanyi-sanyi, sai ta rufe rumfar ruf, ta danne bakin ledar da duwatsu. Kafin hantsi iskar hamsin ta taso daga hamada, zafi kamar bakin tanda. Ko jariri ya san ranar hamsin ɗaga leda ake yi. Ina shanya a saman ɗaki na ga ledar ta yi gumi, ganye ya fara langaɓewa. Katangar ba ta kai ƙirjina ba, duwatsun kuma huɗu ne. Na sauko na ɗora shayi.

Kwana biyu iskar ta yi. Ko da Rasmiyya ta dawo, shukar ta dahu kamar alayyafo a tukunya.

Haka Rasmiyya, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ta bi gida-gida tana tambaya ko wani ya taɓa ajiye irinta, ko da na sata ne. Babu, cokalinta ya tabbatar da haka. Gidana ta zo ƙarshe.

"'Yar uwa, cikin wanda nake aiko miki, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa kuɓuce mini ba?"

"Ke kuwa Ummu Muflih, ai hannunki ba ya kuskure."

Ta ɗaga kai ta ga igiyar shanyata, wadda ke daidai saman rumfarta. Ta daɗe tana kallo.

"Ranar kin yi wanki," ta ce.

"Na yi. Ya kuwa bushe da wuri."

Na zaci zan ji sanyi a raina, amma ban ji ba. Daga baya ta sayo irin kanti daga birni ta shuka. Jiya ta miƙo mini faranti ta kan katanga, tumatir biyar, ba a yanka ko ɗaya ba.

"Ki ajiye iri," ta ce.

Na kanti ba a ajiye irinsa, baɗi ba ya fitowa yadda yake. Ta sani, na sani. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.