Mashin Ɗin Da Ya Ƙi Mutane

Maigandi taubashina ne, autan gwaggona Inno, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba tsegumi ba ne, haƙƙina ne. In ya ji haushi ya sha ruwa.

Shagonsa na nan Birnin Kebbi, yana sayar wa manoman shinkafa injin ban-ruwa da tiyo. Ba ya fashin jam'i, ba ya cutar abokin ciniki, ko sigari bai taɓa sa wa bakinsa ba. Aibinsa guda ne, amma ya isa a raba wa mutum goma: bai iya cewa a'a ba. Ka roƙe shi rigar wuyansa, zai tuɓe ya ba ka, sannan ya koma gida ya yi wa matarsa mita har tuwo ya huce.

Shekara goma sha ɗaya yana da wani jan mashin da unguwa ta raɗa wa suna Jakin Gayya. Makullinsa a jikin ƙusa yake a ƙofar shago. Mai kai matarsa awo ya zare, mai ɗauko buhun albasa ya zare, wanda akuyarsa ta ƙi cin dusa ma ya zare ya kai ta wajen likitan dabbobi. A dawo da shi tanki ƙaf, madubi ɗaya ya yi ɓatan dabo, a ce "mun gode" kawai. Akwai ranar da Maigandi ke tafe a ƙasa cikin rana, mashin ɗinsa ya wuce shi da mutum uku a kai, har suka ɗaga masa hannu suka ce sannu da ƙoƙari. Ni ma na ara, ba zan yi ƙarya ba. Madubin nan ma a hannuna ya tafi.

Ranar Juma'a kaɗai ce ba a taɓa makullin. Da sassafe yake kama hanyar Argungu, ya ɗauki Inno ya kai ta Gulma ta duba yayanta, wato mahaifina Malam Hodi, wanda ciwon ƙafa ya zaunar. Inno ba ta shiga mota, warin mai na juya mata ciki. Ba ta kuma hawa kabu-kabu, ta ce ba ta dafa kafaɗar ɗan wani. Bayan ɗanta kawai take hawa, ta zauna daram da kwandon busasshen kifi a cinya. Mutanen Argungu har kirari suke masa: Auta ƙafar Inno. Maigandi bai da sarauta, bai da digiri, wannan sunan shi ne rawaninsa, kuma wallahi yana ji da shi.

To, wata rana wasu samari 'yan yawon buɗe ido suka tsaya shan ruwa kusa da shagonsa, kowanne a kan wani dodon mashin na tsere. Injin duk a waje ba rufi, tanki ya kumbura kamar ƙirjin ɗan dambe, kujerar baya kuwa tafin hannu ya fi ta faɗi. Jama'a na tambayar gudunsa, Maigandi ya matsa ya yi tasa tambayar.

"Ana ɗaura mishi buhu?"

Suka yi dariya, suka ce ko kaza ba ta da wuri.

"Kowa na iya tuƙa shi?"

Suka ce wanda bai koya ba, kafin ya saki kuloci ya isa asibiti.

"Alhamdu lillahi," in ji Maigandi.

Ka ji fa. Maimakon mutum ya koyi kalma ɗaya, sai ya sayar da filinsa na Gesse ya sayo ƙarfen da zai riƙa faɗinta a madadinsa. Jakin Gayya kuwa ni na saye shi, ya ba ni har da addu'a.

Mako biyu yana koyo a filin bayan gari. Ya faɗi sau huɗu, ya bar fatar gwiwa a can. Ya sayi hular kwano baƙa da rigar fata, a zafin Kebbi, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. In ya cire hular sai ka ga kai kamar an tsamo shi daga tukunya. Amma daɗi yake ji, don dabararsa ta ci. Maƙwabci ya zo aro, Maigandi ya miƙa makulli da fara'a, ya ce, "Bismilla, ai naka ne." Mutum ya zagaya mashin sau biyu, ya nemi inda zai ɗaura kaya ya rasa, ya ji rurin salansa, ya ce ya tuna ashe tafiyar ba ta gaggawa ba ce. Taubashina har ƙiba ya fara.

Juma'a biyu bai je Argungu ba saboda koyo. A ta uku ya tafi, ni ma na bi shi a Jakin Gayya don in ga ƙarshen wasan. Kafin in kai rabin hanya shi ya isa, ya tara yaran unguwa da karnuka.

Ina isowa, Inno ta fito da kwandonta, ta tsaya ta dubi abin tun daga taya har madubi.

"Auta, wanga abu wa yat tuɓe shi?"

"Haka nan aka yi shi, Inno. Gudu gare shi."

"Ni na ce maka sauri nike? Ina wurin zamana?"

Ya nuna mata 'yar kujerar da ke can sama. Aka kawo turmi ta taka. Ta ɗaga ƙafa, zani ya ƙi. Ta sake ɗagawa, zafin salansa ya lashi idon sawunta. Ta sauko a hankali, ta gyara lulluɓi, ta ɗauki kwandonta ta koma cikin gida. Ko tsawa ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

Ran nan a Gulma mahaifina ya wuni yana kallon ƙofa. Duk motsin da ya ji sai ya ce, "Inno ta?" Nan dariya ta tsaya mini, don tsoho ne, kuma ƙanwar nan ita kaɗai ta rage masa a 'yan ɗakinsu.

Ranar Alhamis sai ga wayar Inno. "Mujtaba, na ga jan mashin na wurinka. Kai ɗan yayana na, kahwaɗarka ta halatta. Gobe ka zo."

Labari ya riga ni dawowa Birnin Kebbi. Maigandi ya same ni a ƙofar gida, ido ja, ya ce in mayar masa da Jakin Gayya ko nawa ne.

Na ce, "A'a."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba.

Na ce, "Ka ji yadda ake faɗinta? Ga ni nan, ban mutu ba."

Daga nan ya wuce wajen Silvanus mai walda. Silvanus ya shafa tankin mashin kamar zai yi kuka, ya ce, "Oga Maigandi, wannan aiki zunubi ne." Amma ya yi. Ya ƙera kariyar ɗaukar kaya mai faɗi a baya, ya ɗora katifa, ya liƙa matakala biyu a gefe. Dodon tsere ya koma kamar ɗan dambe da goyo.

Maƙwabta kuwa ido gare su. Suna hango kariya suka dawo, kuma tunda ba wanda ya iya tuƙa dodon, sai aron ya haɗa da mai shi. A da mashin kawai suke ɗauka, yanzu har da direba. Na ga Maigandi da idona, cikin hular kwano da rigar fata, ɗauke da buhun albasa biyu da mai albasar.

Juma'ar da ta biyo muka yi kiciɓis a ƙofar Inno, shi a nasa, ni a nawa. Ta fito ta danna katifar da yatsa, ta taɓa matakalar, ta ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi wa mai walda albarka. Maigandi ya washe baki. Sannan ta dube shi.

"Auta, ka sai abin da za ya kore maka mutane. Ni ba mutum ba ce?"

Ta miƙa masa kwandon kifi.

"Ɗaura wanga, ka biyo mu. Kada ka wuce."

Ta hau bayana.

Yau wata bakwai ke nan. Duk Juma'a za ka gan mu a hanyar Gulma: ni da Inno a gaba muna tafiyar Jakin Gayya, Maigandi a baya a giya ta biyu, injin na gasa masa cinya, mashin na gurnani kamar an ɗaure sa a turke. Masu keke na wuce shi. Bai taɓa fashi ba, bai taɓa wuce mu ba. Sau ɗaya na hango shi ta madubi ya ɗaga gilashin hula yana share ido, da na tambaya ya ce zafin inji ne.

Makon jiya, muna gab da shiga Gulma, Inno ta matso kunnena.

"Kai tuƙinka kamar na mai gudun bashi. Bayan Auta ya hi naka daɗi nesa ba kusa ba. Amma kada ka gaya mai, bai ida horuwa ba."

Da muka sauka ta shiga wajen yayanta, Maigandi ya cire hula, zufa na zuba, ya matso kusa da ni kamar yadda yake yi duk mako.

"Mujtaba, don Allah, ta ce wani abu a kaina?"

Na dube shi, tausayinsa ya kama ni har wuya. Na ce, "A'a."