Mogens da Gashin Kaza

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sashen yara a laburaren garinmu a Jutland, ban taɓa tsanar mutum kamar Mogens Thygesen ba. Shekara talatin ya yi a gidan tarihi yana goge ƙasusuwan dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin dā, da ɗan buroshi. Da ya yi ritaya ya rasa inda zai sauke iliminsa, sai a kaina.

Kowace Talata da safe iyaye kan jera kekunan jarirai a waje, su tuɓe takalma, su zauna a darduma, ni kuma in karanta littattafan nan masu kaurin kwali: dainoso na goge haƙora, dainoso ya sa rigar barci. Mogens ba ya fashi, don a nan kaɗai yake ganin jikarsa Solvej. Tun da uwar yarinyar, Trine, ta rabu da ɗansa, ta hana shi taka gidanta. Na san da haka, shi ya sa nake haɗiye fushina.

Ina tsakiyar karatu zai ɗaga hannu.

"Birgit, wannan dainoson yatsu biyu gare shi, ba uku ba."

"Mogens, 'yan wata tara ne fa. Cin littafin suke yi, ba jarrabawa za su rubuta ba."

"To ƙarya za ki ɗura musu?"

"Kai dai bakinka ba ya gajiya. Zauna, don Allah."

Daga nan ya koma aron littattafan, ya dawo da su shafi-shafi da gyaran jan biro. Na ja masa kunne sau biyu, ashe da saura. Wai dabbobin nan gashi gare su irin na tsuntsaye, don haka ya samo gashin kaza ya liƙa wa littafi shida, ya mayar da su kan kantar littattafai ban gani ba.

Ranar Talata wata jaririya ta cusa ɗaya daga cikin littattafan a baki, kamar yadda suka saba. Ta shaƙe, ido ya firfito, uwarta na ihu, da ƙyar ta zaro gashin daga maƙogwaronta.

"Amma suna da gashi fa," in ji Mogens.

"Ɗauki takalmanka," na ce. "Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Trine ko kallonsa ba ta yi ba. A ranar na rubuta takardar korarsa.

Yanzu kowace Talata yana tsaye a waje cikin kekunan jarirai, ko ana ruwa, yana leƙe ta gilashi. Makon jiya Solvej ta rarrafa ta manna wani littafi a gilashin. Ya sunkuya ya dubi hoton, leɓensa ya motsa. Na san littafin, yatsu uku aka zana wa dainoson. Sai na ga ya haɗiye maganar, ya tanƙwara yatsunsa kamar farata, ya yi mata gurnani. Yarinya ta tuntsire da dariya.

Haushi ya kama ni, don sai da idona ya ciko. Wata da watanni ina roƙonsa ya yi wannan kawai: ya bar gyara, ya bar yara su ji daɗi. Takardar tana nan a teburina, ban yaga ta ba.