Wayar Yaya Mai Gyaran Keken Ɗinki

Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, tsakaninmu akwai maza uku. Sana'arta gyaran keken ɗinki, a shagon da Baba ya bari, tsakanin mai yanka gilashi da mai fotokwafi. Shagon ɗan ƙarami ne, in mutum uku suka zo sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Akwai dogon teburi da man keke ya jiƙa har ya yi baƙi, da kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuyansa mai sunan mai shi, sai gwangwanayen madara cike da noti da allurai da kwarkwaro.

Baba ya so ɗaya daga cikin mazan ya gaje shi, duk suka zame. Yaya ce ta tsaya. Shekara ashirin da shida ke nan tana kan kujerar da ya tashi a kai. Teloli suna kiranta Buɗe-mu-gani, domin duk bayanin da za ka yi mata a kan ciwon kekenka, ba ta tanka maka sai ta ɗauki sukudireba ta faɗi wannan kalmar. Abin da ba a iya kwance shi, a wurinta ba abin yarda ba ne. Maigidanta, direban babbar mota, yakan ce shi kaɗai ne a gidan ba ta taɓa kwancewa ba, shi ma don ba ta ga inda notinsa yake ba ne.

Wayarta ta shekara shida a hannunta lokacin da wannan labari ya fara. Ta canza mata batir da kanta, ta canza gilashi sau ɗaya. Da ita teloli suke turo mata hoton ɗinkin da ya tsallake, ta duba ta ce musu allura ce ko zare ne, kafin su ɗauko keken. Sai wata rana saƙo ya shigo cewa kamfanin da ya ƙera ta ya daina sabunta irinta. Daga nan wayar ta fara nauyi, manhajoji suna ƙin buɗewa, talla kuma ba ta fasa faɗowa ba. Ta kai ta wurin mai sayar da waya a bakin titi. Ya juya ta gaba da baya ya ce, “Mama, ai wannan ta gama aikinta. Ki ɗauki sabuwa kawai.”

“Me ya lalace a cikinta?”

“Ba abin da ya lalace. Zamaninta ne ya wuce.”

Yaya ta karɓi abarta. Ta ce mini a shagonta akwai keken da ya girmi Inna, kuma jiya-jiyan nan ya ɗinke labulen ofis guda. Ba ta ga dalilin da za a ce ƙarfe lafiyayye ya mutu don wani ya rubuto haka daga nesa ba.

Mai fotokwafi ne ya ba ta labarin wata hanyar. Dattijo ne mai son karance-karance, kwamfutocin shagonsa duk tsofaffi ne amma suna aiki tsaf. Ya bayyana mata cewa kowace waya tana da babbar manhaja da ke tafiyar da komai, kuma akwai wata iri da masu sa kai daga ƙasashe da yawa suka haɗu suka rubuta. Rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa, wanda ya iya kuma ya gyara. Ana iya sauke ta kamfani a ɗora wannan.

“Amma Injiniya,” haka yake kiranta, “ba zan ɓoye miki ba. Wasu abubuwan za su daina aiki. Kuma in kika kuskure wajen ɗorawa, wayar tana iya yin shiru.”

“Kai ka taɓa yi?”

“A kwamfuta. A waya tsoro nake ji.”

“To buga mini bayanin a takarda.”

Ya buga mata shafi goma sha ɗaya. Mako biyu tana karanta su tsakanin keke da keke, tana ja wa wasu layuka biro, har gefen takardun ya yi baƙi da mai. Ta kwafe lambobin teloli a littafi da hannunta, ta sa aka kwashe hotunan jikarta zuwa kwamfutar mai fotokwafi. Ranar da ta shirya, ta share teburi da hantsi, ta shimfiɗa farin ƙyalle kamar yadda take yi in za ta kwance keke mai tsada, ta jona wayar da kwamfutar.

Ina wurin, don makarantar da nake koyarwa tana hutu. Ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, sai wayar ta mutu, ta kawo wani ɗan zane yana juyawa, ta tsaya a nan. Minti goma, minti talatin, awa guda. Mai fotokwafi ya fara goge gumi yana cewa shi ya jawo. Ni kuma na ce, “Shi ke nan Yaya, kin kashe ta.”

Ba ta ko kalle ni ba. Ta koma shafi na ɗaya tana bi da yatsa. A shafi na bakwai ta tsaya. “Ga shi nan. An ce a share tsohon kaya kafin a zuba sabo, ni kuma na tsallake. Laifin mai gyara ne.” Ta sake daga farko. Kafin teloli su fara tashi daga aiki wayar ta kawo, fes, ba talla, ba tarkacen da ba ta san wanda ya sa su ba. Ta kira maigidanta yana kan hanya, ta ce masa, “Kana ji na?” Ya ce yana ji. Ta ce, “To shi ke nan,” ta kashe.

Daga ranar ta zama wayarta ta kullum, ba ta riƙe wata a gefe ba. Batirin da a da ba ya kai la'asar ya koma kwana biyu. Kira da saƙo lafiya lau, zauren hirar 'yan gidanmu ma ta samu yadda ta shiga. Abin da ta rasa kuma ba ta ɓoye shi. Kyamarar ta rage kyau, in ta ɗauki jikarta a cikin ɗaki sai yarinyar ta fito kamar inuwa, don haka sai ta fitar da ita tsakar gida. Manhajar kiran tasi ta ƙi hawa, sai ta koma tsayar da mota da hannu. Taswirar da ta samu ba ta san layin shagonta ba. Da ta gano cewa ita ma taswirar masu sa kai ne ke zana ta, sai ta zauna ta saka layin da kanta, da shagonta, da na mai gilashi, da na mai fotokwafi. Mai gilashi ya yi kwana uku yana nuna wa duk wanda ya shigo.

Mazan gidanmu sun yi ta tsokanarta. Na biyunmu ya ce wayar Yaya sai an taka mata feda take kira. Ita ma dariya take yi, ta ce aƙalla tata ba ta sauraren hirarta ta kawo mata tallar katifa.

Inda abin ya yi tsami shi ne asibitin Inna. Inna tana da ciwon sukari, duk wata Yaya ke kai ta ganin likita. Sai asibitin ya sauya tsari, aka ce kowa ya riƙa kama layi ta manhajarsu kafin ya zo. Yaya ta ɗora manhajar a wayarta, ta buɗe, sai manhajar ta rufe kanta. Ta sake, haka. Ta ɗauka in sun je da katin Inna kamar yadda suka saba za a gan su, ba ta gaya wa kowa ba.

Ba a gan su da wuri ba. Ma'aikaciyar da ke bakin taga ta ce sunan Inna ba ya cikin na ranar, sai dai su jira a gama da masu layi. Inna ta yi awa huɗu a kan benci, ba ta ci komai ba saboda gwajin jini. Da Yaya ta kira ni na taho daga makaranta, na tarar da ita tana yi wa Inna fifita da kwali. Raina ya ɓaci, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa mata ba.

“Yaya, taurin kanki ne ya jawo wannan. Ki yi wasanki da kekuna, ban da lafiyar Inna.”

Na zaci za ta ce ni wace ce. Sai ta ce, “Gaskiyarki, Auta. Tun ranar da ta ƙi buɗewa ya kamata in ce ki kama mana da taki. Girman kai ne ya hana ni.” Ta durƙusa gaban Inna ta ba ta haƙuri. Inna ta ce mu rufe mata baki mu duka, mutane suna kallo.

Mazan suka haɗa baki za su saya mata sabuwar waya. Ta yi musu godiya, ta ce su dakata. Ta ce layin wata mai zuwa ni zan kama da tawa, wannan ba gardama, amma su ba ta lokaci ta gano ciwon.

Akwai dandali a intanet inda masu irin wannan manhaja suke taimakon juna. Yaya ba ta taɓa rubutu a ciki ba, karatu kawai take yi. Ta zauna ta rubuta matsalar yadda take so teloli su riƙa kawo mata tasu: irin wayar, abin da ta danna, abin da ya fito, sau nawa ta gwada. Mai fotokwafi ya gyara mata kalma biyu. Washegari wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta amsa. Ta ce wasu manhajojin sukan duba ko wayar tana ɗauke da hatimin kamfani, in babu sai su ƙi, wannan kuwa ba a hannun masu sa kai yake ba. Amma ta duba ko asibitin yana da shafin intanet, sau da yawa abin da manhaja ke yi shafin ma yana yi.

Shafin yana nan. Yaya ta cike sunan Inna da lambar kati, ta zaɓi rana, sai ta nemi inda za ta danna a aika ta rasa. Ta ja sama, ta ja ƙasa, babu. Tana cikin haka wani tela ya shigo da keke a kafaɗa, ta ajiye wayar a kwance a kan teburi don ta karɓe shi. Da ta waiwayo, shafin ya juya ya yi faɗi, ga maɓallin nan kore a gefen dama. Ashe a tsaye gilashin wayar ne ya yi masa kaɗan. Telan ya ce bai taɓa ganin Buɗe-mu-gani tana dariya ita kaɗai ba sai ranar.

Duk da haka ta bar ni na kama layin watan da tawa, kamar yadda ta yi alkawari. Na bayansa ita ta kama, suka shiga wurin likita a kan lokaci. Da suka fito ta lura da benci cike da tsofaffi masu jira, yawancinsu wayoyinsu ne suka tsufa manhajar ta ƙi su. Ta zaunar da Inna, ta bi su ɗaya-ɗaya tana nuna musu shafin, tana cewa, “Baba, kwantar da ita. Yawwa. Ka ga koren nan?” Ma'aikaciyar taga ta leƙo ta tambayi abin da ake yi. Da ta gani da idonta, ta ce ita kanta ba ta san shafin yana kama layi ba. Ta ɗauko takarda, Yaya ta faɗa mata matakan guda huɗu, ta rubuta da manyan baƙaƙe ta manna a jikin gilashin. Yaya ta koma dandalin ta rubuta yadda aka yi, don wanda zai zo bayanta.

Yanzu wayar tana shekara ta tara. Ni har yau irin ta kowa nake riƙewa, kuma ba ta taɓa ce mini in canza ba. Teloli da dama sun roƙe ta ta ɗora musu irin tata. Takan fara da lissafa musu abin da za su rasa, sannan ta miƙa musu shafukan nan su je su karanta. Yawanci ba sa dawowa da maganar. Mutum biyu ne suka dawo da tambayoyi, su ta yi wa. Na ukun shi ne mai fotokwafi, wanda ya shigo da tasa wayar a nannaɗe cikin hankici, ya ce in dai ita za ta riƙe masa hannu ya shirya.

Makon jiya na biya shagon, na tarar tana kwance wata waya irin tata sak, mai fasasshen gilashi, wadda wata tela ta tsinto mata a cikin tarkacen gida. Ta ware lasifikar da ramin caji, ta zuba su a gwangwani ta rubuta suna a jiki. Na ce mata wai har yaushe za ta ci gaba da jan tsohuwar nan. Ta ce ramin cajin nata ya fara sassautawa, amma da wannan ta samu na shekara biyu ko uku. Sannan ta miƙo mini tocila ta ce in haska mata nan, akwai wani ɗan noti da ya faɗa ƙarƙashin teburi.