Jan da ke gindin libarbar Baba

Jama'a, yau bindiga ta sa ni kuka, kuma ko tashi ba ta yi ba!

Ana rabon gadon Baba muka buɗe adakarsa. Ƙarƙashin riguna sai ga libarba naɗe cikin tsohon rawani! Tsalle ɗaya na yi, saura kaɗan na dira a Bagwai.

Liman ya ce ba rabo sai an san darajarta. Aka kira Baba Saje, tsohon sojan ƙauyenmu. Ya jujjuya ta ya ce, "Ta Turawa ce, mai cin harsashi shida. Tsatsa ta cinye ta, ko ƙadangare ba za ta kashe ba. Masu tara kayan tarihi za su saya da tsada, amma wa ya lalata gindinta? Wannan jan fa?"

Na ce, "Jinin 'yan fashi ne! Babanmu shi kaɗai ya kori ɗari!"

Sai Inna ta ɗaga labule. "Kai Sabo, rufe mana baki. Goro ne. Da haƙoran Malam suka zube, da ita yake daka goro bayan la'asar, ya miƙo min rabi."

Na karɓi libarbar daga hannun Saje. Na kai hanci. Wallahi ƙamshin Baba ne, kamar yanzu zai yi gyaran murya a zaure.

Liman ya ce, "To, a sayar?"

Inna ta miƙo hannu. "A sa min ita a tumunina. Ku kwashe gonakin."