Gorar Baba a Fadamar Warra

Malamina ya ba ni mako ɗaya. Ya ce in ban gano abin da ke ɓata awon da nake yi ba, zai turo mota a kwashe na'urar awon a ba wani ɗalibi, ni kuwa in nemi wani abin binciken. Ta waya ya faɗa daga jami'a, ina tsaye a bakin ruwa a Warra, laka har gwiwa. Na ce masa to. A raina kuwa na ce wallahi ba inda za ta je.

Na'urar tana bisa wani dandamalin katako da muka ɗaure a kan ganguna, can cikin fadamar da tafkin Kainji ke haɗiyewa idan ruwa ya cika. Kanta mai yatsun ƙarfe yana auna yadda iska ke juyi a saman ruwa, hancinta kuma yana shaƙar gas ɗin da ruɓaɓɓiyar ciyawa ke saki daga cikin laka, irin wanda ke ƙara wa duniya zafi. Ni na nace a kawo ta garinmu. Shekara biyu ina naci, har malaman sashenmu suna canza hanya in sun hango ni.

Matsalar ita ce kullum da fitowar rana layin awon a kwamfuta sai ya yi tsalle sama, ya jima kaɗan, ya sauko. Malam ya ce ko dai na'urar ta lalace, ko hannuna ne bai iya ba. Na biyun ya fi yi mini ciwo.

Na kwance wayoyi na mayar. Na goge farantin sola, na sauya batir. Rana ta uku na ɗora laifin kan matan da ke bandar kifi a gaɓa, na je na yi musu tijara kan hayaƙi, ni da ban fi 'ya'yan cikinsu ba. Da na koma na duba, ashe iskar safiya ba ta ma biyowa ta wajensu. Haka na dawo na durƙusa ina ba su haƙuri suna yi mini dariya.

Rana ta biyar, ina idar da sallar asuba na ari jirgin maƙwabcinmu, na tuƙa na laɓe cikin ciyawa. Rana na ɓullowa sai ga wani jirgi ya nufo dandamalin. Tun daga tsayuwar mai shi na gane Baba ne.

A wurinmu masunci ba ya wuce kayan gidansa a ruwa bai duba ba, ko taru ne ko ƙugiya. Shi a wajensa na'urar nan kayan gida ce, tunda ɗiyarsa ta kafa ta. Ya kewaye ta sau uku yana jan igiyoyi, yana ture kainuwa. Duk sanda ya caka gorar tuƙinsa cikin laka ya zare, sai kumfa ta taso ɓul-ɓul, gas ɗin da ke kwance a ƙasa ya fashe daidai hancin na'urar. Da ya gama ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, ya wuce wajen tarunsa. Na yi murna, na kuma ji kamar in yi kuka.

Ba a gaya wa uba ya yi ɓarna ido da ido, ta wajen uwa ake bi. Na sami Inna, ta ce, “Ke kika kawo abinki, ke za ki faɗa.”

Na iske shi yana ɗinkin taru a zaure. Na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye kan laka da kumfa. Ya ajiye zaren.

“Ɗiyata, faɗi kai tsaye. Ni ne ke ɓata miki aiki?”

“Kai ne, Baba.”

Sannan ya tambayi iyakar inda ba a son gora ta taɓa. Na ce daga giginyar gaɓa har bakin zurfi. Na san sarai cewa a ciki ne yake kafa taru tun ba a haife ni ba, kuma lokacin ne kifi ke shiga ciyawa. Na sani, amma ban rage ko taku ɗaya ba.

Da la'asar ya kwashe tarunsa. Washegari layin ya kwanta lafiya, ranar da ta biyo baya ma haka. Na tura wa Malam, ya ce a bar mini na'urar.

Wata huɗu tana wurin, wata huɗu Baba yana zagayawa ta zurfi, inda gora ba ta kai ƙasa sai tuƙi da filafili, da kafaɗarsa mai ciwo. Na gama awona cif, na sami digirina. Ranar da muka kwance dandamalin, kafin Baba ya gyara tarunsa wasu masunta sun riga sun kafa nasu a fadamar, kuma shi ba mutum ne mai jayayya kan ruwa ba. Bai sake kamun kifi a wurin ba har ya bar tuƙi.