Wuƙar Baba da Dogon da Ba Ya Dubawa

Ni da ƙanena mun yi shekaru muna gardama a kan mutum biyu da ba su san da zamanmu a duniya ba. Dukansu 'yan basket ne, wato ƙwallon kwando, na Amurka, dukansu kuma masu riƙon wasa, wato wanda ƙwallo ke fara zuwa hannunsa, shi ya ga wa zai ba. Nawa gajere ne, ɗan zamani, mai jifa tun daga tsakiyar fili ta faɗa kwando sumul. Nasa dogo ne, na zamanin da, sai a tsofaffin bidiyo ake ganinsa: ya dubi gabas ya miƙa ƙwallo yamma, ta sauka hannun mai jira.

A filin lise, makarantarmu ta sakandare, muka koyi wasan, kan simintin da ya tsattsage, kwando ko raga babu. Ni nake jifa, ni ake yi wa tafi. Shi kuwa ƙwallo ba ta daɗewa hannunsa, sai ka ce garwashi aka ba shi. Nakan ce masa, "Kai da gwaninka duk barorin wasu ne." Ya ce, "To Yaya, wa ke kawo maka wadda kake jefawa?" Yaron nan bakinsa reza ne.

Shekarar da hannun Baba ya fara rawa, kowa a gida ya san maganar da ba a furta ba: wa zai karɓi wuƙar rabon naman layya. A gidanmu raguna kan kwana banƙare jikin itace, washegari Baba ya zauna kan tabarma ya yanka wa kowa nasa, na gida, na maƙwabta, na dangin da ke shigowa daga Birnin Lalle. Wanda ya riƙe wuƙar nan shi ne babba bayan Baba, ko ba a faɗa ba. Ni ne ɗan fari. Har na fara gwada yadda zan naɗe hannun riga.

Ranar jajibiri da la'asar muna shan shayi a zaure, gardamar ta tashi. Baba na kishingiɗe, ya ce, "Ku kawo in ga mutanen nan da suka hana ni jin rediyo." Na riga ƙanena miƙa waya. Baba ya kalli nawa yana ta jefawa, ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan maharbi ne, ba ƙarya." Raina ya yi fari tas. Sai aka nuna masa dogon. Ya sa aka maimaita, ya matso da wayar har bakin hancinsa.

"Mi ya sa ba ya duban wanda zai ba?"

Ƙanena ya ce, "Ya riga ya san inda kowa yake, Baba."

Baba ya ce, "Uhm," ya maido waya ya koma ga rediyonsa. Wannan uhm ɗin ta sa na ture shayina gefe.

Washegarin salla aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ragon farko. Baba ya wasa wuƙar da kansa, ya juya ta, ya ajiye gaban ƙanena. "Yanka mu gani." Ni aka ba ni faranti in riƙe. Babu wanda ya dube ni, kuma rashin duban ya fi zagi ciwo.

Kishi na ji, mai zafi, irin wanda ke sa kunne ɗumi. Na tsaya bayansa ina addu'ar ya yi kuskure, ya manta gidan wani, ko ya ba wata gwaggo ƙashi a yi ta tsegumi har baɗi. Ina! Mai son kitse ya samu kitse, mai yara da yawa ya samu haƙarƙari, tsohon da ke ƙarshen layinmu aka yanka masa ƙanana-ƙanana. Bai tambayi kowa ba. Yana yanka yana hira, har da dariya, kamar a hannunsa aka ƙera wuƙar.

A lokacin ina fama da ciwon haƙori, ban gaya wa kowa ba, da gefe ɗaya nake tauna. Naman da ya kwana jikin wuta kuwa ba ya tausayin mai ciwon haƙori, don haka na riga na fid da rai. Ƙanena na cikin amsa gaisuwar wani baƙo ta hannun dama, fuskarsa can wajen baƙon, sai na ga hannunsa na hagu ya zagayo baya, ya tsaya daidai ƙirjina riƙe da nama. Tsokar gadon baya ce, mai laushi, an yanka ta siriri.

Ko waiwaye bai yi ba.

Na ɗaga ido, ashe Baba na kallo. Ya ce, "Uhm."

Na karɓa na ci, don yunwa ba ta san fushi ba. Na so a ce da tauri in samu abin faɗa, amma ko haƙorin bai motsa ba. Har yau wuƙar na hannunsa. Har yau kuma ina cewa gajeren nan ya fi dogon, sai dai a fada, majalisarmu ta hira, nake faɗa, cikin abokai. A zauren Baba ban sake ɗauko zancen ba.